Tagar Kaji a Ɗakin Bappa

Da guntun zarto Asibi take cin abinci. Siririn nan na yankan ƙarfe, wanda ya karye aka yar a bakin wani gareji a Gwarzo. Ta tsinto shi ta kai wa maƙeri ya wasa mata bakinsa ya lanƙwashe kamar ƙugiya, ta naɗe gindin da tsumma. Sai wani miƙaƙƙen katako da take ja layi da shi, da tsohuwar ƙofa da take ɗorawa a kan turame biyu ta zame mata teburi. Kayan aikinta ke nan kaf.

Ni ce Altine, faccalarta. Mijina da mijinta uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gida ɗaya muke zaune a Lakwaya, sai dai kowa da sashensa. Sunan maigidana ba zai fito daga bakina ba, ku dai ce Alhaji, shi ne babba a gidan. Ƙaninsa kuwa, mijin Asibi, kowa Bappa yake ce masa, har sa'o'insa. Kakanninsu makiyaya ne, su suka zauna suka kama noma, amma Bappa bai taɓa yarda ya rabu da shanu ba. Alhaji ya koma saye da sayar da hatsi, shi kuwa yana nan da garkensa a bayan ɗaki.

Daga Kutama aka kawo Asibi. Ranar da na fara ganinta na ce a raina wannan siririyar ba za ta iya da gidan nan ba. Ashe gidan ne ba zai iya da ita ba! Mun yi faɗa ni da ita a kan igiyar shanya, mun yi a kan kaji, mun yi a kan wadda ta bar murfin rijiya a buɗe. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, abin da yake ƙona min rai ke nan. Sai ta bari ki gama kumfar bakinki tsaf, ta ce "To, Yaya Altine," ta je ta yi abin da ta yi niyya tun farko.

Awara ta fara sayarwa a ƙofar gida, a cikin shogilas, akwatin gilashin nan da masu kayan suya ke jera kaya ƙuda bai taɓa ba. Wata rana akuyar maƙwabta ta tunkuye shi, ya tarwatse, gilashi ya shiga cikin awarar, ya kuma tsaga mata tafin hannu wajen kwashewa. Har yanzu tabon yana nan. Mai gilashi a Gwarzo ya ce ta kawo ya sa mata wani. Ta ce, "In ka sa, akuyar ta yi rantsuwa ba za ta sake ba?" Ta ɗauko akwatinta haka nan ta dawo gida.

A Kabo ta gano maganin abin. Ta je biki, ta wuce ta shagon wani mai rubuta allon shaguna, Malam Lukuman, sai ta ga wani abu garai-garai kamar gilashi ya zame daga teburinsa ya faɗi ƙasa, bai ko tsage ba. Ta tsaya cak. Ya ce mata gilashin roba ne, daga Kano yake sarowa. Ta ce ya sayar mata da guntayen da yake zubarwa. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan sai da inji, ba aikin cikin gida ba ne." Ta ce ya dai zuba mata a buhu.

Wayyo, irin ɓarnar da aka yi a tsakar gidan nan! Ta sa wuƙa, ya zame. Ta sa almakashin tela, almakashin ya mutu. Ta ɗora wuƙa a wuta ta yanka, wari ya kore mu daga gidan, bakin robar ya yi baƙi ya cukurkuɗe. Ni kuwa ina kan tabarma ina ba ta shawarar ta koma awararta. Har Allah Ya haɗa ta da guntun zarton nan.

Ga yadda take yi, don na kalla har na haddace. Ta shimfiɗa robar a kan ƙofa, ta ɗora katakon a kan layin da ta zana, ta danne shi da gwiwa. Sai ta sa ƙugiyar ta ja a kan layin, ƙiii, wani siririn zare fari ya fito yana naɗewa. Ta sake ja a kan wannan layin dai, ta sake, ta sake, har ya zama ɗan kwari. Daga nan ta jawo robar, layin ya zo daidai bakin ƙofar, ta dafe ɓangare ɗaya, ta danna ɗayan ƙasa gaba ɗaya. Ƙas! Ya rabu santal. Ta ce min in kika danna da tsoro, tsagar sai ta bar layi ta yi nata wuri. Huda kuwa da ƙusa take yi, ta ɗora a garwashi ta yi ja, kuma ramin sai ya ɗan fi ƙusar da za a kafa faɗi, saboda robar tana motsi in rana ta buga ta. Bakin ta goge shi da samfefa har ya daina yanka.

Kafin a ankara, Asibi ta zama mai aikin cikin gidaje, inda maza ba sa shiga. Ta gyara wa masu awara da masu ƙosai shogilas, ta toshe tagogin da gilashinsu ya fashe, ta yi wa wata amarya ƙofofin kabad ɗin jere. Har daga garin Kara ana aiko mata. Kuma duk wadda ta yi wa aiki sai ta ja mata kunne: ruwan sabulu da tsumma mai laushi kawai. Amma mu mata, abin da ba a dirje shi da toka da soso ba ai bai wanku ba. Furera mai ƙosai ta dirji nata kamar gindin tukunya, ya yi fari fat ba a ganin komai, ta zo tana cewa an sayar mata da jabu. Asibi ta ce, "Idonki ma in kika sa masa toka haka zai yi."

To, ana cikin haka ciwo ya kama Bappa. Ana tsakiyar shuka ya faɗi a gona, hawan jini, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Aka kai shi asibiti a Kano, aka daɗe. Magani da gado da mota ba sa jiran kaka, sai aka shiga garke. Yau a fitar da sa, gobe a fitar da saniya. Alhaji da kansa yake ja zuwa kasuwa, kuma wallahi na ga mutumin nan ya dawo ya kasa cin tuwo. Ya sa nasa kuɗin ma, ba zan yi masa ƙarya ba. Lokacin da aka dawo da Bappa gida, abin da ya rage a bayan ɗaki tsohuwar saniya ce guda, da wata karsana, da ɗan maraƙi. Sauran turakun suna nan a kafe, babu kowa a jikinsu.

Aka shimfiɗa masa katifa a ƙasa don kada ya faɗo daga gado. Ɗakin irin ginin ƙasa ne na da, tagarsa 'yar mitsitsiya can sama kusa da rufi, ko mai lafiya sai ya taka wani abu zai leƙa. Bango ɗaya ne tsakaninsa da turken shanunsa, amma ba ya ganin komai sai azara.

Alhaji ya tara mu a zaure ya kafa doka. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, saboda haka babu mai faɗa wa Bappa an sayar da shanu. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan Asibi ya ce, "Ke nake ji. Ki yi min alƙawari ba za ki faɗa masa ba." Ta ce, "Na yi, Yaya Alhaji. Ba zan faɗa ba."

Kalmar da ta fi fita a bakin Bappa kuwa ita ce wannan. Duk wanda ya shiga gaishe shi, sai ya karkato da kai ya ce, "Shanu?" A ce masa, "Suna nan lafiya, Bappa, sai ƙiba suke yi." Alhaji har ya roƙi maƙwabcinmu Badamasi ya riƙa biyo da nasa garken ta bayan ɗakin in ya taso kiwo da yamma, don Bappa ya ji takun kofato da kuka ya ɗauka nasa ne. Ku ji fa! Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kiwon garkensa, shi ake yi wa wasan kwaikwayo da shanun aro. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi, na rasa wanda zan bi.

Asibi ce ke juya shi, ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi kunu a cokali, don haka ita ta fi kowa shan tambayar. Na ga matar nan tana ramewa. Wata rana da hantsi ta fito daga ɗakin ta zo ta zauna a bakin murhuna, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Yaya Altine, yau ya riƙe min hannu ya ce in rantse."

Na ce, "Kika ce me?"

"Na ce kunu zai ƙone, na fito." Ta share fuska da gefen mayafi. "Mutumin nan jikinsa ne ya mutu, hankalinsa garau yake. Mun kwantar da shi a duhu muna yi masa tatsuniya kamar yaron goye. Ni na gaji. Shanunsa ne, shi ya kiwata su, shi ya ci su a gadon asibiti. In baƙin ciki ne ma ai nasa ne, wa ya ba mu ikon riƙe masa?"

Na tuna mata alƙawarin da ta yi. Ta ce, "Na ce ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Ban ce ba zai gani ba."

Washegari ta hau mota ta tafi Kabo. Wannan karon ba guntaye ta sayo ba, sabon falle ta sa Malam Lukuman ya ba ta, mai kauri, irin wanda ko saniya ta goga masa ƙaho ba zai fashe ba. Sabon gilashin roba kuwa a lulluɓe yake zuwa, gaba da baya an manne shi da takarda ruwan ƙasa don kada ya karce, kuma Asibi ba ta ɓare takardar sai aiki ya ƙare. Ta shiga ɗakin ta kwanta a ƙasa kusa da katifar Bappa, ta daidaita kanta da nasa, ta sa gawayi ta yi alama a bango daidai inda idonta ya sauka. Wani kafinta ya haɗa mata katako huɗu da za a zaunar da robar a ciki. Yankan ya ba ta wuya saboda kaurin, ta ja ƙugiyar nan har hannunta ya yi kanta, da ta zo karyawa sai da ta sa ni na hau kan ƙofar na zauna don kada ta ɗaga. Ta ce bismillahi ta danna. Ƙarar sai da ta kori kaji.

Ta bari sai ranar da Alhaji ya tafi kasuwa. Ta rataya bargo ta ciki saboda ƙura, ta zagaya baya da tsinken ƙarfe ta fara fasa bango. Matan unguwa suka cika gidan. Rami ne daidai gwiwar mutum, wa ya taɓa ganin taga a nan? Furera ta ce, "Asibi, tagar kaji kike yi?" Aka kwashe da dariya. Sunan da ya bi tagar ke nan har yau. Wata tsohuwa ta ce bai kamata a bar idon mutane yana faɗawa kan majinyaci ba, baki yana kama mutum. Asibi ta ce bayan ɗaki ne, idon da zai faɗa masa na saniya ne. Ta ci gaba da sara.

Alhaji ya dawo da la'asar ya tarar da rami a bangon ƙaninsa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, har hularsa ya cire. Ya ja ta gefe don kada Bappa ya ji, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kashe shi za ki yi? In ya ga wurin nan wayam zuciyarsa ta buga, me za ki ce wa Allah? Me za ki ce wa 'ya'yansa? Ki rufe ramin nan kafin magariba, in ba haka ba ni da ke ne a gidan nan."

Ta ce, "To, Yaya Alhaji. Zan rufe."

Ta kuwa rufe. Ta zaunar da katakon, ta kafa robar da takardarta a jiki, ta cike gefe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Alhaji ya zo ya duba, ya ga abu ruwan ƙasa ba a ganin komai ta cikinsa, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji tauri. Ya ɗauka katakon silin ne. Shekarun da matar nan ta yi tana sana'arta a tsakar gidansa, bai taɓa tsayawa ya ga yadda kayan ke zuwa ba, shi dai ya san Asibi tana wasa da roba. Ya ce, "Yauwa, ko ke fa." Ni kuwa na shige ɗaki na toshe bakina da zane, dariya na cina, gabana kuma na faɗuwa.

Na ɗauka a ɓoye za ta ɓare, in ya fita. Na ma ba ta shawarar haka. Ta ce ita ba ɓarauniya ba ce.

Da safe, bayan an sha koko, Alhaji ya shiga gaishe da ƙaninsa kamar yadda ya saba. Na bi bayansa da kwanon kunu, don na san yau akwai magana. Asibi ta riga ta cire bargon, ta kuma ɓare takardar waje tun da sassafe, saura ta ciki. Rana ta bugo ta baya, takardar ta yi ja kamar an kunna fitila a cikinta. Alhaji ya kalle ta ya ɗaure fuska, da alama ya fara gane wannan ba katako ba ne.

Ya durƙusa ya ce, "Bappa, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Bappa ya ce, "Shanu?"

Alhaji ya buɗe baki zai ba da amsar kullum, Asibi ta riga shi. Ta ce, "Yaya Alhaji, ka yi haƙuri. Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba." Ta sa farce a kusurwar takardar ta ja.

"Asibi!"

Ba ta tsaya ba. Takardar ta taho gaba ɗaya, haske ya cika ɗakin, har sai da Bappa ya runtse ido. Da ya buɗe, ga bayan ɗakinsa nan a gabansa tar, kamar babu komai a tsakani. Ga tsohuwar saniyar tana tuƙa, ga karsanar, ga ɗan maraƙin yana tsalle. Ga kuma turakun nan a jere, wasu har ciyawa ta fito a gindinsu.

Ina kallon idonsa yana bin turakun ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a kan kowanne, leɓensa na motsi, na san sunayensu yake kira a ransa. Sai hawaye, ta ido mai lafiyar da ta ɗayan, suna gangarowa cikin kunnensa. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Kwanon kunun ya kusa suɓuce min. Na ce shi ke nan, mun kashe shi.

Alhaji ya juyo kan Asibi, shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Kin gani ko? Hankalinki ya kwanta?"

Tana durƙushe ta riƙe kafaɗar mijinta, ita ma kukan take, amma muryarta ba ta karye ba. Ta ce, "A bar shi ya yi kukansa. Shanunsa ne."

Alhaji ya ce ina, ba zai tsaya yana kallon wannan ba. Ya fizgo bargon daga ƙasa, ya matsa ya tsuguna a gaban tagar zai rataya shi, faɗin babbar rigarsa ya rufe hasken duka. Sai na ga hannun Bappa na hagu, mai lafiyar, ya ɗago daga katifa. Ya kamo gefen rigar yayan nasa ya damƙe, ya ja. Mutumin da tun tasowarsu bai taɓa ɗaga ido ya kalli Alhaji ba.

Alhaji ya waiwayo ya ce, "Bappa, me kake so? Ruwa?"

Bappa ya yi ta kokawa da harshensa, muna jira. Da maganar ta fito, babu wanda bai ji ta ba.

"Yaya, matsa. Ka tare min."